Wasiƙa zuwa ga ɗiyata kan zaɓen digiri na biyu

Daura

Mamana,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya hidimar ƙasa? Takardun jami'o'in da kika turo ta wayar ƙanenki sun iso, na karanta su a tsanake. Kin ce in zaɓa miki inda za ki yi digiri na biyu kan koyar da Turanci. Zaɓi naki ne, amma ga abin da shekarun da na yi da alli suka nuna mini.

Fara da tambayar kanki wa za ki koyar. A hukumance Turanci ne harshen gwamnati a Najeriya, amma yaron da ya tashi a Baure ko Sandamu ba ya jinsa a gida ko kasuwa, sai malami ya shigo aji. A wurinsa baƙon harshe ne, kusan kamar yadda yake ga takwaransa na Magarya ko Damagaram. Kwas ɗin da bai san da irin wannan yaro ba, ba naki ba ne. Kada sunan digiri ya ruɗe ki: na sashen Turanci yakan karkata ga adabi da nazarin harshe, dabarun koyarwa kuwa sun fi yawa a tsangayar ilimi. Ko Bayero ce, ko Ahmadu Bello, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ki nemi jerin darussan ki duba da idonki. Akwai na yadda ɗan Adam ke koyon harshe na biyu? Akwai na tsara jarrabawa? Akwai na furuci, wanda zai fahimtar da ke abin da ya sa ɗan Bahaushe ke haɗa sautin p da f, yake kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka jeru?

Abin da na fi so ki matsa a kai shi ne gwajin koyarwa. Ki tambaye su kai tsaye: awa nawa ɗalibi ke tsayawa gaban yara, wa ke zama bayan aji yana lura da shi, kuma bayan darasi ana zama a warware masa kurakuransa ko sa hannu kawai ake yi a takarda? Na ga masu babban digiri da suka iya kawo sunayen masana tiryan-tiryan, amma aji ya gagare su. Takardar CELTA ta Kambirij, wato shaidar koyar da Turanci, kwas ne na awa 120 kacal, amma dole mutum ya koyar na awa 6 ana auna shi. Wannan ne ya ba ta daraja a ƙasashen waje. Sai dai manya ake koyarwa a ciki, a ƙananan azuzuwa, ke kuwa aji cike maƙil ke jiranki, littafi ɗaya yara uku. CELTA ƙari ce, ba ta maye gurbin digiri.

Ki nemi tsofaffin ɗalibansu su gaya miki shekara nawa aka ɗauka kafin su gama, da yadda masu duba kundin bincike ke riƙe mutane. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya ci.

Batun takarda kuma, ki tabbatar hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta san da jami'ar da kwas ɗin. Tunda digirinki na farko ba na ilimi ba ne, sai kin haɗa da PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, kafin rajista da TRCN, hukumar malamai da aka kafa a 1993. Waɗannan satifiket na intanet da ake gamawa cikin ƙarshen mako, kada ki ba su ko kwabo.

Na ga kin ja layi ƙarƙashin wata jami'ar Ingila. Can shekara ɗaya ake yi, a Amurka galibi biyu, kuɗin kuwa ya fi ƙarfin ɗan fansho, kuma gonar gado ba ta sayarwa ba ce. Tallafin karatu na Chevening, na gwamnatin Birtaniya, yana neman gogewar aiki ta shekara 2, ni kuwa hakan ya yi mini daidai. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito daga Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, ya daɗe yana koyarwa a Bauchi, sannan ya tafi Landan ƙaro ilimin malanta a 1945. Wanda ya taɓa riƙe aji ya san tambayar da zai yi wa farfesa.

Ki rubuta musu waɗannan tambayoyi, ki ajiye amsoshin. In kin zo hutun Sallah mu zauna mu jera su, da lissafin kuɗin makaranta da na masauki. Mahaifiyarki na gaishe ki, ta ce ki rage zama da yunwa. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam,
Mahaifinki