Ledar da ke bin taki zuwa gona

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku in yi magana a kan takin bola, tunda lokacin kai taki gona ya kama.

Mu manoman kewayen Kano gadon abin nan muka yi: da rani a kwaso sharar birni a jibge tsibi-tsibi a gona, ruwa na gab da sauka a baza. Iyayenmu da jaki da mangala suka yi, mu kuma tifa muke ciniki. Sai dai jujin zamaninsu toka ne da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Yau in tifa ta juye, abin da zai fara yi maka sallama baƙar leda ce da ledar fiya wata da gorar lemo. Bara ina huɗa, kusan kowane sara sai fartanya ta fito da ƙyallen leda. Na ɗauki wata da ta daɗe a binne, sai ta marmashe a hannuna kamar busasshen ganye.

Wannan marmashewa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin da yawanmu mun ɗauka ledar ta ruɓe ke nan, ta zama ƙasa. Ba ruɓewa ta yi ba. Rana da zafi da bakin garma ne suka dandaƙe ta, amma tana nan a robarta. Masana sun ware wa ɓarɓashin da bai kai milimita 5 ba suna na musamman, wato "microplastics" da Turanci, wani ma ido ba ya ganinsa. Babbar leda yaro zai tsince. Wa zai tsince wadda ta koma kamar garin tuwo?

Abin bai tsaya a kan ƙazanta ba. Ɓarɓashin yana sauya yadda ƙasa ke riƙe danshi da yadda ruwa ke ratsa ta. A 2016 masu bincike a ƙasar Holan sun zuba garin leda a abincin tana, suka ga girmanta ya ragu, wasu ma sun mutu. Manomi kuwa ya san aikin tana, ita ke huda ƙasa iska ta shiga. A 2020 kuma masana a ƙasar Sin suka nuna cewa ƙananan ƙwayoyin roba na iya shiga jikin alkama da latas ta ɗan tsagin da sabuwar saiwa ke ɓullowa, su hau har kara da ganye. Duk mai sayen latas ɗin fadama, maganar nan ta shafe shi.

Su can yankin Shinjiyan na ƙasar Sin shekaru suka yi suna shimfiɗa siririyar leda a gonakin auduga don tsare danshi. Amfani ya ƙaru, amma guntayen da suka saura a ƙasa suna hana saiwa sakewa, har suna kiran abin farar gurɓata. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta faɗa a rahotonta na 2021 cewa noma da kiwo, har da kamun kifi da gandun daji, sun ci tan miliyan 12.5 na kayan roba a duniya a 2019. Su dai sun saya ne da niyya. Mu tamu kyauta take zuwa a cikin takin da muka biya.

Ba cewa nake a daina takin bola ba. Da tsadar takin zamani, wanda ya ce haka bai taɓa riƙe fartanya ba. Kuma cinna wa juji wuta, kamar yadda wasu ke yi, hayaƙi kawai yake shaƙa wa maƙwabta, ya bar narkakkiyar roba a toka. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, mu ba mu kai nan ba tukuna. Abin da ke hannunmu shi ne a tace taki kafin a baza, a gida kuma uwargida ta ware leda daban da toka da shara.

Ni bana na sa an haɗa mini rariyar waya da katako, ni da yara muna tankaɗe tifa guda a hankali. Ina roƙon ku tura wakilinku ya ga abin da ke saura a kan rariyar, malaman gona kuma su sa maganar cikin bitar da suke yi mana kafin damina.

Wassalam.

Mai karatunku,
wani manomi daga Dawakin Kudu