Ba begen da ne ya dawo da babur mai bugu biyu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu in tofa albarkacin bakina kan rubutun da na karanta a shafin wasanni game da baburan tseren daji. Marubucin, wanda nake gaisarwa da kyau, ya ce dawowar babura masu injin bugu biyu begen da ne kawai, wai tsofaffi ne ke marmarin ƙarar da suka saba ji da warin hayaƙin ƙuruciyarsu. Ni bakanike ne. Na fi shekara 20 hannuna cikin baƙin mai, kuma iri biyun duk na mallaka, na hau, na faɗi a kansu, na kwance su na ɗaura. Ban yarda da malamin ba, kuma ina da dalili.

Ga wanda bai taɓa buɗe inji ba, bambancin ba shi da wuyar ganewa. A cikin inji akwai fistin da ke hawa yana sauka. Mai bugu huɗu sai fistin ya yi tafiya huɗu kafin wuta ta tashi sau ɗaya: ya sauka ya zuƙo fetur da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ta koro shi ƙasa, ya sake hawa ya tura hayaƙi waje. Wannan aiki yana buƙatar bawul, galibi guda huɗu, da sandar da ke danna su, da sarƙar da ke juya sandar daidai kan lokaci. Mai bugu biyu kuwa duk juyi ɗaya wuta ɗaya. Ba shi da waɗancan bawul ɗin a ka. Kafofi ne a jikin silinda, fistin da kansa ke buɗe su yana rufewa in ya zo wucewa. In ka cire kan injin ba abin da za ka tarar sai mazaunin fulogi da hanyar ruwa. Da yake kuma fetur ɗinsa ta ƙarƙashin fistin yake bi kafin ya hau sama, dole a haɗa masa da wani mai na musamman da ke ƙonewa tare da shi. Can ne asalin shuɗin hayaƙin da aka san shi da shi.

Tunda yana tayar da wuta ninki biyu, in girman inji ɗaya ne, mai bugu biyu ya fi ƙarfi. To me ya kore shi daga fagen tsere? Ruwa ba ya tsami banza. Doka ce ta kayar da shi kafin komai. Masu shirya gasa sun yarda mai bugu huɗu ya shigo da inji mafi girma nesa ba kusa ba. A 1997 Doug Henry ya hau wani Yamaha mai bugu huɗu, mai 400cc (cc shi ne ma'aunin girman inji), ya ci tseren ƙarshe na kakar Supercross, wato gasar tseren babura a cikin filayen wasa, a Las Vegas a tsakiyar masu bugu biyu 250. A 1998 ya ɗauki kambun tseren fili na Amurka a kan YZ400F. Honda ta fito da nata mai bugu huɗu, CRF450R, a 2002. Daga nan doka ta zauna da gindinta: mai bugu huɗu 450 ya kara da mai bugu biyu 250, mai 250 kuma ya kara da mai 125. Ka ɗauki yaro a kan 125 ka jera shi da wanda injinsa ya ninka nasa, sannan ka ce injin yaron ne ya tsufa, ai ba a yi adalci ba. Ricky Carmichael ne na ƙarshe da ya ci babban kambun Supercross da mai bugu biyu, a 2005, kan Suzuki RM250. Bayan 2007 Honda ta daina ƙera masu bugu biyu. Kawasaki da Suzuki suka bi sahu a manyan samfura, suka bar na yara. Cikin manyan kamfanonin Japan huɗu, Yamaha kaɗai ta ci gaba da sayar da YZ125 da YZ250, shekara da shekaru kusan ba canji.

Kada a ce na yi son kai. A filin tsere mai bugu huɗu ya fi sauƙin sarrafawa. Ƙarfinsa a shimfiɗe yake, tayar baya tana kama ƙasa da kyau, in ka saki totur injin da kansa yana taya ka birki. Mahayi matsakaici ya fi gudu a kansa, kuma har gobe 450 ne ke cin manyan gasanni. Sai dai mahayin da kamfani ke ɗauke da nauyinsa ba ruwansa da kuɗin gyara. Kanikawa na biye da shi, suna lissafa wa inji awoyi, suna sauke shi tun bai yi tari ba. Sauran jama'a kuwa aljihunsu ne ke biya, kuma a nan labarina ya shigo.

Na taɓa sayen wani 250 mai bugu huɗu na hannu. Ba zan ambaci kamfaninsa ba, don rabin laifin nawa ne. Ya fara yi min gardamar tashi da safe in inji ya yi sanyi, ni kuwa na san ma'anar haka: ratar bawul ta fara tsukewa. Na ce gobe, na ce jibi. Wata rana da la'asar ina tsakiyar hawan wani tudu a giya ta uku, sai na ji ƙas sau ɗaya, tayar baya ta ƙame, na sauka ba shiri. Da na buɗe, kan bawul ɗaya ya tsinke ya faɗa silinda. Ya huda fistin, ya farfashe cikin kan injin kamar an sassare shi da kurfi, ɓarɓashin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina. Na zauna na rubuta abin da ake buƙata: kan inji, bawul huɗu, fistin, silinda, sarƙar lokaci, sandar fistin da ta lanƙwashe, da wanke ƙasan injin gaba ɗaya. Da na tara lissafi sai ya doshi abin da na sayi babur ɗin. Wata bakwai ya yi a jingine da bango, ƙura na hawa kansa.

Tsohon 250 mai bugu biyu da nake hawa yanzu, in lokacin canjin fistin ya yi, aikin yini ɗaya ne, kai, rabin yini ma. In zubar da ruwan lagireto, in cire salansa, in kwance notocin kan inji, in zare silinda a hankali. Kafin in taɓa ɗan zoben wayar da ke riƙe fil ɗin fistin, sai na cusa tsumma mai tsabta a bakin ƙasan injin, domin in ya zille ya faɗa ciki ka jawo wa kanka aikin kwana biyu. Sabon fistin, zobe, gasket, a duba kibiyar da ke kan fistin ta kalli ɓangaren salansa, a ɗaure notoci bi da bi. Kafin rana ta faɗi an tayar. Yaron da ke koyon aiki wurina ya yi shi da hannunsa a karo na uku da ya gani, ni ina zaune ina kallo. Gaskiya ne mai bugu biyu ya fi yawan neman fistin. Amma gyaran da mutum zai yi da kansa da 'yan sifanu ya bambanta da wanda zai sa shi tunanin sayar da babur.

Wannan shi ne abin da marubucinku bai duba ba. Baburan 450 da 250 masu bugu huɗu na farko sun tsufa, sun shiga hannu na biyu da na uku, masu su suka ga abin da na gani, sai suka waiwaya. Ba waƙar da ake yi ba, lissafi ake yi.

Sannan shi kansa injin bai tsaya inda aka bar shi ba. Lokacin da Japanawa suka juya baya, kamfanonin Turai suka riƙe: KTM ta Ostiriya da Husqvarna da GasGas da ke ƙarƙashin inuwa ɗaya da ita, Beta da TM na Italiya, da Sherco. Suka sa maɓallin tayarwa, aka huta da kik. A 2017 KTM ta sa wa manyan injinanta sandar rage girgiza, hannu ya daina mutuwa a kan kambu. A samfurin 2018 ta fito da 250 da 300 marasa kafireto, masu feshin fetur da na'ura, waɗanda ta kira TPI. An ware wa mai tankinsa daban, famfo ne ke auna shi, ba sauran tsayawa da jarka ana gauraya kashi 1 cikin 40 ko 50 ana jijjigawa. Dokokin hayaƙi na Turai ne suka matsa musu, amma mahayi ya ci riba: ka hau dutse ka sauko kwari ba sai ka canja jet ba, wato 'yar kafar da ke auna fetur a kafireto. Ita ma Yamaha ta sabunta YZ125 a 2022, a farkon 2025 kuma Kawasaki ta nuna cewa tana shirin dawowa da mai bugu biyu. Kamfani ba ya zuba kuɗi don hawayen tsofaffi.

Wanda ke son ganin inda injin nan yake sarauta ya dubi gasar hawan duwatsu. A Eisenerz ta Ostiriya, cikin wani katafaren ramin haƙar tama, ana yin Erzbergrodeo tun 1995. Mutum 500 ke tashi a babban tseren, a ba su awa huɗu, wasu shekarun waɗanda ke kai ƙarshe ba su cika 10 ba. Haka Romaniacs a tsaunukan kewayen Sibiu ta Romaniya. Gwanayen wannan fage irin su Graham Jarvis da Manuel Lettenbichler, 300 mai bugu biyu suke hawa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa maƙalewa tsakanin duwatsu biyu. A can ba gudu ake yi ba, jan ciki ake yi, ana riƙe kuloci ana lallaɓawa. Mai bugu huɗu yakan yi zafi ya tafasa ruwa, ko ya yi atishawa ɗaya ya mutu a daidai inda ba a so. Shi 300 sai ya yi ta gurnani ƙasa-ƙasa kamar zai mutu, amma ya ƙi mutuwa. A ma'auni bambancin nauyinsu bai kai kilo 10 ba, sai dai da yake ƙarafan da ke juyawa a cikinsa kaɗan ne, a hannu ya fi sauƙin karkatarwa. In ka ɗaga babur daga ƙasa sau 15 a yini, kowane kilo sai ka san da zamansa.

Af, kafin in manta, masu yi wa salansar nan mai kumburin ciki dariya su sani rabin ƙarfin injin a can yake. Siffarta ce ke mayar da igiyar ƙara baya, ta tura fetur ɗin da ke shirin tserewa ya koma silinda. Injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya ƙware a kanta, kuma da mahayinsa Ernst Degner ya gudu daga ƙasar a 1961, ilimin ya bi shi zuwa Suzuki. Shi ya sa in dutse ya lotsa ta nan take za ka ji babur ya canja hali.

Akwai aibin da ba zan ɓoye ba. Yana da ƙazanta. A kowane juyi wani ɓangare na fetur yana fita ba tare da ya ƙone ba, ga man da ke ƙonewa da gangan. Feshin zamani ya rage abin, bai kawar da shi ba. Wanda ya bi bayana a siririyar hanya na awa ɗaya, rigarsa za ta ba da shaida. Yana kuma shan fetur fiye da ɗan'uwansa, musamman mai kafireto. Ga wanda zai yi doguwar tafiya, ko mai shiga kwalta yana fita, mai bugu huɗu nake ba shi shawara ba tare da wani dogon tunani ba. Kuma ƙaramin 125 ba ya yafe kuskure: ka shiga kwana da giyar da ba ta dace ba, sai ya yi lakwas, a wuce ka. Ni a ganina wannan ne ya sa ya zama malamin kirki ga matasa, kuma Turawa sun yi daidai da suka ware masa gasarsa, EMX125.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya dai shi ne inda sababbin suka dosa. Kwanan baya aka kawo min wani sabon 300 yana sheshsheƙa. Da tsohon yayi ne, in cire fulogi in dubi launinsa, in ya yi baƙi ya jiƙe in san fetur ya yi yawa, in sauke allurar kafireto mataki ɗaya. Wannan kuwa famfon fetur ne, famfon mai ne, na'urorin auna zafi da iska ne, ga ƙaramar kwamfuta a ƙarƙashin kujera. Sai da na aro na'urar karanta laifi kafin na gano wata 'yar waya ce ta yi tsatsa. Mai babur ɗin ya saye shi ne don ya riƙa gyarawa da kansa, ga shi ya tsaya a bayana yana kallon allo tare da ni. Ina roƙon marubucinku, in zai sake komawa kan batun nan, ya tambayi kamfanonin ko sun san me ya sa muka dawo musu.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani bakaniken babura, mai karanta ku kullum