Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Karatu na Unguwa: Inda Kuɗinku Suka Tafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da kuka sa hannu a aljihu, kwamiti na gaishe ku da babbar murya. Tun ranar da aka kafa allon suna a bakin ƙofar ɗakin karatu, magana ɗaya ke ta yawo a majalisun bayan la'asar da cikin wayoyi: wai tunda an sa wa ɗakin sunan marigayi Alhaji Aminu Alhassan Dantata, to gidansa ne ya ɗauki nauyin aikin, ke nan kuɗin da aka tara a hannun jama'a suna can kwance a wani wuri. Wasu sun tambaye mu cikin mutunci, mun gode musu. Wasu kuwa sun riga sun yanke hukunci tun kafin su ji ta bakinmu.

To ga amsa a fili. Ba mu je gidan marigayi neman taimako ba, da ransa ko bayan rasuwarsa, ba mu kuma rubuta wa wani kamfani nasa takarda ba. Kowane bulo da kowace ƙusa da ke jikin ginin nan da kuɗinku aka saye su. Littafin shige da fice yana wurin ma'aji tare da rasit-rasit, an kuma manna kwafin lissafin a allon sanarwa na masallaci. Dattawa biyu da ba sa cikin kwamiti sun bi shi layi-layi sun sa hannu.

Farkon aikin kowa ya san shi. A ƙarshen 2023 aka zauna aka amince a gyara tsohon ajin yaƙi da jahilci, ɗakuna biyu da baranda, domin yaranmu da ke Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantu, da masu shirin jarrabawar JAMB, su sami inda za su zauna da littafi. Gidajenmu na cikin birni a cike suke, wuta kuma sai ta ga dama. Kiyasin farko ya tsaya a kan faci ne: a sauya 'yan fallayen kwano, a yi filasta da fenti, a sa tagogi da ƙofa, a kawo tebura.

Ranar da kafinta ya ɓalle silin ne lissafi ya canza. Daga ƙasa katakon rufin lafiyarsa ƙalau a ido. Da ya hau tsani ya danna babban yatsansa a jikin katako, sai yatsan ya nutse, gari ya dinga zubowa a kan waɗanda ke riƙe da tsanin. Gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Mutum uku daga cikinmu suna wurin, akwai kuma hotuna ga mai son gani. Bayan an sauke rufin sai ga wata matsalar: bangon gabas ya tsage daga ƙarƙashin taga har ƙasa, saboda shekara da shekaru ruwan indararon maƙwabta a gindinsa yake zuba, ya jiƙa harsashi. Magini ya ce shi ba zai ɗora sabon rufi a kan wannan bango ba ko nawa za a biya shi, domin 'ya'yan mutane ne za su zauna a ƙarƙashi. Aka rushe bangon aka tayar da shi tun daga tushe, aka zuba lintal da rodi, aka yi wa ruwan kwata ta siminti har bakin lambatu.

Duk wannan ya faɗo ne a watan Fabrairu na 2024, lokacin da siminti ya yi tashin gwauron zabo. Buhun da muka yi kiyasi da shi a kan naira 5,000 da 'yan kai ya haura 10,000. Rodi da kwano ma suka bi sahu, tunda darajar naira ta faɗi warwas a watannin. An yi ta ce mana, me ya sa ba ku jira farashi ya sauko ba? Gaskiya ne gwamnati ta zauna da masu kamfanonin siminti a watan, aka yi maganar ya dawo tsakanin 7,000 da 8,000. Amma mu ba a takarda muke saye ba, a shago muke saye, kuma gini na tsaye sama a buɗe, damina na tafe. Da mun jira ruwan Yuni ya same shi haka, da sauran bangaye ukun ma sun bi na gabas. Katako a Na'ibawa muka saye shi, rodi a Ƙofar Ruwa, kowanne sai da aka taya a wuri uku kafin a biya. An kuma shafe sabon katakon da maganin gara kafin a ɗora shi, abin da masu ginin farko ba su yi ba. Rufi da bango da kwata sun ci sama da rabin abin da aka tara.

Sai maganar sola, wadda ita ce ta fi jawo mana surutu. Wani babban yayanmu ya ce a taro, da kuɗin batir kawai ana iya sayen janareto har a rage canji. Haka ne, ba mu musa ba. Tambayar da muka yi wa kanmu ita ce, wa zai riƙa zuba mai? Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ɗakin da za a buɗe daga bayan magariba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya kullum, in da janareto ne, kowane mako sai an zaga da kwano gida-gida, kuma kun san mu, wata biyu za a yi a gaji. Ga ƙara, a wurin da aka gina don a yi shiru. Ga hayaƙi a lungun da tagogin mutane ke kallon juna.

Batirin ma an yi gardama a kansa. Mun ɗauki na litiyom duk da ya fi tsada, maimakon mai ruwa, saboda mai ruwa yana son wanda zai riƙa duba shi yana ƙara masa ruwa, in kuma aka riƙa zuƙe shi har ƙarshe kowane dare ba ya daɗewa. Ɗakin jama'a ba shi da mai shi, abin da ke buƙatar lallashi ba ya rayuwa a cikinsa. An ɗaure farantan da ƙarfe a kan rufi, an yi wa inbata da batir keji mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ma'aji ɗaya a hannun liman. A ƙarshen Oktoba na 2024, da aka lalata layin wuta Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu, ginin ko fenti ba a gama ba, amma yara suka shimfiɗa tabarmi a kan daɓen suna karatu ƙarƙashin fitilunsa, 'yan mata a ɗaki ɗaya samari a ɗaya. Wanda ya wuce ta lungun a dararen nan ya gani da idonsa.

Daga nan kuɗi suka ƙare, shi ya sa tebura da kujeru da kantoci suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya har tsakiyar 2025.

Sunan kuwa, daga baya ya zo. Alhaji Aminu ya rasu ranar 28 ga Yuni 2025 a Abu Dhabi yana da shekara 94, aka binne shi a Madina kamar yadda ya yi fata. A taron da ya biyo baya ne wani dattijo ya kawo shawarar, ba a kuma sami wanda ya ja ba. Matasa da yawa sunan kawai suka sani, suna jin Dantata sai su tuna kuɗi. An haife shi a Kano a 1931, ɗa ne ga Alhassan Dantata, attajirin goro da gyaɗa da ya rasu a 1955. Ya fara aiki a kamfanin gidansu yana matashi, ragamar ta dawo hannunsa a 1960 bayan rasuwar yayansa Ahmadu. Ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Bako daga 1968 zuwa 1973. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa Gidauniyar Jihar Kano don tallafa wa ilimi da ƙananan 'yan kasuwa. Shi ya ba Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano cibiyar wankin ƙoda mai ɗauke da sunan mahaifinsa, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san abin da wannan ke nufi ga aljihun talaka. Shi ne uban Jami'ar Al-Qalam ta Katsina na farko, jami'ar da al'umma suka kafa da kansu, ya kuma tallafa mata da dukiyarsa. Ko a 2024, yana da shekara 93, da ambaliya ta ci Maiduguri, ya ba da naira biliyan 1.5.

A ganinmu, yaron da zai shiga ɗakin nan kullum ya kamata ya riƙa wuce sunan ɗan kasuwar da ya zuba dukiyarsa a makaranta da asibiti. Dalilin ke nan, babu wani. Allon kansa wani mai zane ne ɗan unguwa ya rubuta kyauta. Allah ya jiƙan Alhaji da rahama, ya sa Aljanna makoma.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu na Kantin Kwari, wanda ya hana mu faɗin sunansa. Ranar da aka gano ɓarnar gara, kwamiti ya yi jugum, shi ne ya kira sakatare da daddare ya ce a je a ɗauki kwano gaba ɗaya a rubuta a kansa. Da ba don shi ba, da har yau muna maganar rufi. Allah ya ƙara buɗi, ya shirya masa zuri'a. Haka Hajiyarmu da ta juyo da kwasar adashinta sukutum ta sayi fankoki da ƙwayayen fitila, da ƙungiyar matan unguwa da suka ciyar da leburori tun daga rana ta farko, da 'yan uwanmu mazauna Legas da Abuja da Saudiyya da suka riƙa turowa ba tare da an tuna musu ba. Magini ya yafe kuɗin aikinsa na kwanakin ƙarshe. Samarin da suka yi dakon yashi a baro, saboda tifa ba ta shiga lungu, ba mu manta da ku ba. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Sai dai aiki bai ƙare ba. Har yanzu ba ban-ɗaki. Samari na tsallakawa masallaci, 'yan mata kuwa sai su tattara littattafai su koma gida, mafi yawansu ba sa dawowa a daren. An haƙa ramin, an tsaya a nan, an rufe shi da tsohon kwano da duwatsu, ga yara ƙanana na wasa a wurin. Muna buƙatar bulo da siminti da ƙofofi biyu da tankin ruwa. Kantoci uku cikin biyar babu komai a kansu, don haka duk wanda ya gama jami'a ko sakandare yana da littattafai a akwati, ya kawo, ko sun tsufa. Mai gadi kuma wata-wata ake haɗa masa abin da ya samu daga aljihun 'yan kwamiti, wannan ba zai ɗore ba; muna neman gidaje ashirin da za su ɗauki alkawarin wani abu kaɗan kowane ƙarshen wata.

Mai bulo goma ya kawo bulo goma, mai buhu ɗaya ya kawo buhu ɗaya. Wanda ya fi son ya saya da kansa ya sauke a wurin maimakon ya ba da kuɗi, hakan ma ya yi mana daidai. Ma'aji yana zama a ɗakin karatu kowace Asabar bayan la'asar da littafin lissafi da na rasit. Muna roƙon a rufe ramin nan kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti.