Zuwa ga Yaya Mariama, kan maganar Balkisa da Ramatu

Liyon, Faransa

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara duka. Yaya jikin Inna da ciwon gwiwa? A gaishe min da mutanen Birni gida-gida, har su Gwaggo na Zango. Ni ma lafiya ƙalau, sai sanyi da aiki.

Saƙon muryar da kika aiko ya iso. Na zaɓi in amsa a rubuce saboda wayarki kullum tana hannun yara, wannan kuwa ba maganar da za su ji ba ce.

Abu biyu kika faɗa. Na farko, Balkisa ta daina cin tuwon dare, sai ta ce ta ci a lakwal, ga azumin Litinin da Alhamis da ta tsiro da shi, zanenta kuma ya fara yi mata yawa. Na biyu kin faɗe shi kina dariya: wai ƙawayen Ramatu sun kawo mata "sha ka fashe" don ta ciko kafin biki. Yaya, ni duka biyun sun hana ni barci, domin tushensu ɗaya ne. An sa wa yarinya a rai cewa jikin da Allah ya ba ta bai yi ba.

Bari in fara da Ramatu, don nata ya fi gaggawa. Ƙwayoyin nan da ake tallar su a tire galibi iri biyu ne. Akwai siprohebtadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki yana kawo barci. Akwai kuma wanda suke kira deksa, wato maganin deksametazon, shi ne abin tsoron. Likitoci na ba da shi don asma mai tsanani da kumburi, da awo, da ƙayyadadden lokaci. Wadda ta ɗauke shi abincinta, fuska za ta yi zagaye, ciki da wuya su kumbura, ƙafafu kuwa su sirance, domin ruwa ne da kitse suke taruwa inda bai kamata ba, tsoka tana narkewa. Bayan haka sai hawan jini, ciwon suga, ƙashi ya yi rauni, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Ki riƙe wannan da kyau: idan ta yi makonni tana sha, kada a fizge a zubar rana ɗaya. Jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum har lahira. A kai ta asibiti da kwalin a hannu, likita ya rage mata a hankali. Angon da ba zai karɓe ta sai ta kumbura ba, to a sake duba angon.

Na Balkisa kuwa na san kamanninsa, domin a sashen matasa na asibiti nake aiki, ni nake kai musu abinci in zauna har su gama. Sunan ciwon anoreksiya, tun 1873 likitocin Ingila da Faransa suka bayyana shi, kuma yana cikin ciwukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Yarinya ta rame har ƙasusuwan wuya sun fito, ta dubi madubi ta rantse miki ta yi ƙiba, kuma ba ƙarya take yi ba, haka idonta yake nuna mata. Akwai ɗan'uwansa bulimiya: a ci da yawa a ɓoye, a shiga bayi a sa yatsa a amayar. Ita wannan ba lallai ta rame ba, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba.

Ban ce Balkisa na da shi ba, daga nan ba zan iya sani ba. Tsutsar ciki, ƙarancin jini, ko wata damuwa a lakwal duk suna hana cin abinci. Amma ki lura. Al'adarta tana zuwa ko ta tsaya? Tana jin sanyi alhali kowa na gumi? Gashi na zubewa wajen kitso? Tana jiri in ta miƙe? Tana tashi zuwa bayi da zarar an gama ci? Cin da muke yi a kwano ɗaya yana ɓoye abu da yawa, mutum zai yi ta juya loma guda har a tashi ba wanda ya gani. Ki duba kuma ko tana shan shayin rage ƙiba. Da yawansu filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sa wa, ruwa da gishirin jiki su tafi, kitse na nan, zuciya ce take shan wahala.

Na san Malam zai ce ciwon Turawa ne, masu ƙoshi. A tsibirin Fiji ma haka ake zato, mutane ne masu son cikar jiki kamar mu. Talabijin ya isa wani yankinsu a 1995. Da Anne Becker ta jami'ar Harvard ta koma a 1998, kusan kashi 11 cikin 100 na ƴan matan makarantar da aka tambaya sun ce suna amai da gangan don su rage jiki, alhali a farko babu ko ɗaya. Wancan talabijin ne a falo. Balkisa nata yana ƙarƙashin matashin kai, TikTok da Instagram har tsakar dare. A nan Faransa tun Oktoban 2017 doka ta tilasta a rubuta a jikin hoton talla idan an gyara surar mai tallar da kwamfuta. Wa zai rubuta wa ƴarmu haka a waya? Ki zauna da ita ku kalla tare, ki ce ta nuna miki yadda ake matse ƙugu da gyara fuska a hoto. Ta fi ki sani, kuma in ta nuna da hannunta zai fi shiga kanta.

Amma wayar ba ita kaɗai ba ce, har da bakinmu. A gidan suna ko biki, kafin a amsa sallamar yarinya an auna ta: "Ke ba a ba ki abinci ne?" ko "Kai, wannan ai ta kusa fin uwarta." Mai shekara 15 dole ƙugu ya buɗe, jiki ya ƙaru, hanyar girma ke nan, kuma a shekarun nan ne ƙashi yake ginuwa. Ki roƙi Gwaggo ta bar zancen jikin yaran nan, yabo ko kushe. Samarin gidan ma su bar kiran Balkisa da sunan tsokanar nan.

In za ki yi mata magana, ba a gaban kwano ba, ba a gaban mutane ba. Ki ja ta ɗaki, ki ce kin ga kamar ba ta jin daɗi kwanan nan, me ke damunta, sai ki yi shiru ki saurara. Duka, gori da ɗura ba sa magani, ƙara ɓoyewa suke sa wa. Wadda ta daɗe ba ta ci sosai ma, cika mata ciki lokaci guda haɗari ne, a hankali ake komawa. Maganar azumin nafila kuwa Malam ya fi ni sanin cewa jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, daga bakinsa za ta fi karɓa. Addu'a muna yi, amma a haɗa da asibiti: ku je Babban Asibitin Damagaram a auna nauyinta, jininta da bugun zuciya, ki kuma faɗa wa likita a fili abin da kike zargi, ki nemi ganin mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Na aiko da kuɗi ta hannun Sani. Ki cire na asibitin su biyun, sauran a sayo wake, ƙwai, hanta da zogale a kasuwar Dole, a dafa wa gida duka, kada a ware wa Balkisa kwano ta ji an sa mata ido. Ki ce wa Balkisa zan kira ta ran Lahadi bayan la'asar mu yi hirar jarrabawa, ba zan nuna na san komai ba.

Ki gaida Inna, ki ce man shafawarta na tafe.

Ƙanwarki,
Hawwa