Rahoton Sakatare na Ƙarshen Shekara: Kuɗin Wata, Asusun Jinya da Tafiyar Igatpuri

Assalamu alaikum, 'yan uwa maza da mata.

Bari in fara da abin da ba ku son ji. Shekara ta ƙare, rabin littafin ma'aji fari ne fat. Waɗanda suka biya kuɗin wata tun daga farko har ƙarshe ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sauran kowa da waƙarsa: saƙon gida bai iso ba, naira ta faɗi, banki ya riƙe. Mun ji, mu ma daga can namu yake fitowa. Amma wanda ya canza waya sau biyu a shekarar nan kada ya ce mana 'yan rupin ƙungiya ne suka gagare shi. Ni kam na gaji da zagayen ɗakunan ɗalibai a cikin birnin Pune na Indiya kamar uwar adashi.

Wannan ne ya sa asusun jinya da muka yi alkawari bara bai tashi ba. Na ji ana cewa kwamiti ne ya yi barci. Da ɗan uwanmu ya kwanta asibiti a tsakiyar damina, aljihun mutum huɗu ne ya ɗauki nauyin, uku daga cikinsu 'yan kwamitin da ake zagi ne. Bikin Ranar Hausa na 26 ga Agusta shi ma bai yiwu ba, domin mai zauren ya nemi kafin alƙalami, mu kuma ba mu da shi. Takardar jagora ga sabbin ɗalibai kan rajista da neman gida tana nan rabi da rabi, wanda ya ɗauki aikin ya kammala karatu ya koma gida da ita a kwamfutarsa.

An yi taron wata-wata yadda aka saba, an yi buɗe-baki tare a azumi, an yi gaisuwar salla biyu.

Abin da za mu ɗaga kai da shi a bana shi ne tafiyar Igatpuri, garin da cibiyar halwa ta Dhamma Giri take, wadda sai da aka kai ruwa rana kafin a yarda da ita. Wasu sun ce me ya kai Musulmi gidan halwar mabiya Buda. Amsar kwamiti ita ce muna zaune shekara da shekaru a ƙasar mutane, abokan karatunmu suna ɓacewa kwana goma su dawo su ce sun je Dhamma Giri, mu ko tambaya ba mu iya yi ba. Gani muka je yi, kuma mun gani.

Mun tashi bayan asuba da motar haya, damina ta ɗauke ke nan, duwatsun yankin Nashik sun yi kore shar. Muka yi sallarmu ta matafiya a hanya. Cibiyar tana gefen garin, a gindin dutse, sunan ma ma'anarsa Dutsen Dhamma, wato koyarwar Buda. Ƙofar shiga an gina ta irin ginin Bama, ga hasumiya mai ruwan zinariya ana hango ta daga nesa, a cikinta akwai ɗaruruwan 'yan ɗakuna, kowane na mutum ɗaya ne ya zauna shi kaɗai. Can ciki ba a barin baƙi su shiga, saboda masu halwa. Wani dattijo ɗan sa-kai ne ya zaunar da mu ya ba mu tarihin wurin.

Wanda ya kafa ta, S. N. Goenka, ɗan kasuwa ne, an haife shi a 1924 a Mandalay ta ƙasar Bama, wato Baman nan da kakanninmu suka je yaƙi. Iyayensa Indiyawa ne mabiya addinin Hindu. Ya yi arziki tun yana matashi, sai ciwon ɓarin kai ya sa shi gaba, har likitoci suka koma yi masa allurar mofin. Neman sauƙi ne ya kai shi wurin Sayagyi U Ba Khin, wanda shi ba limamin Buda ba ne, ma'aikacin gwamnati ne da ya riƙe muƙamin babban akanta na ƙasar. Malamin ya ƙi karɓarsa da farko, ya ce shi ba maganin ciwon kai yake bayarwa ba, in gyaran zuciya yake so to bismilla. Goenka ya zauna a hannunsa shekara 14. A 1969 ya zo Indiya ya fara koyarwa a Mumbai, mahaifiyarsa na cikin ɗaliban farko. Ya yi shekaru yana yawo gari-gari a wuraren aro, sai a 1976 aka buɗe Dhamma Giri domin a sami wuri na dindindin. Ya rasu a 2013.

Manufar wurin guda ce: koyar da abin da suke kira vipassana, wato ganin abu yadda yake. Mai shiga yana ajiye waya da littafi da alƙalami, ya yi alkawarin barin kisa, sata, ƙarya, kayan maye da kusantar jinsi. Maza daban, mata daban. Ana kaɗa ƙararrawa ƙarfe 4 na dare, a yi ta zama kusan awa goma a yini, ba magana, ba ko haɗa ido, har kwana tara. Kwana ukun farko numfashi kawai ake lura da shi, a na huɗu a koma bin jiki daga kai zuwa ƙafa. Abinci ba nama. Har gidan yarin Tihar na Delhi an kai wannan horo, a 1994 fursunoni kusan dubu suka zauna a lokaci guda.

Wata 'yar uwarmu mai karatun haɗa magunguna ta yi tambayar da ke bakin kowa: Musulmi zai iya shiga? Dattijon ya ce Goenka bai taɓa neman kowa ya bar addininsa ba, ko gunki ba sa ajiyewa a zauren zama. Ta ce to salla fa? Bai yi kwana-kwana ba, ya ce ƙa'ida ita ce a dakatar da kowace irin ibada har kwanakin su cika. Nan magana ta ƙare a wurinmu, kuma na ji daɗi da ya faɗi gaskiya. Matsayin kwamiti ke nan ga duk wanda abokai suka gayyata: ya san wannan sharaɗin kafin ya cika takarda.

Abin da ya hana ni barci a hanyar dawowa kuwa wani ne daban. Ba a karɓar ko rupi ɗaya daga mai shiga, ba na ɗaki, ba na abinci. Ba a kuma karɓar gudummawa sai daga wanda ya taɓa kammala kwana goman, shi ne yake biya wa na bayansa. Masu dafa abinci da masu hidima tsofaffin ɗalibai ne, ba albashi, malaman ma haka. A haka wurin yake tafiya tun 1976. Mu da ake mana huɗuba kan sadaka kowace Juma'a, kuɗin motar wannan tafiya ma har yau mutum uku ba su cika ba. Sun san kansu.

Godiya ta musamman ga ma'aji da ya ranta mana cikon kuɗin, da 'yan uwa mata da suka kwana suna soya cincin da dambun nama na guzuri. Masu cika zauren WhatsApp da shawarwari, ba mu ga ƙeyarku a bakin mota ba.

Taro na gaba zaɓe ne. Tsarin mulkinmu ya ce mai bashin ƙungiya ba ya zaɓe, ba a zaɓensa, kuma bana za a bi shi. Ma'aji zai zauna da littafinsa a bakin ƙofa tun kafin a fara. Ni ba zan sake tsayawa ba, aikin bincikena ya taso. Wanda zai gaje ni ya zo da wuri in damƙa masa fayil da makullin akwati.

Wassalam.
Sakatare