Amsa Ga Mai Tambayar Nawa Nvidia Ke Biya Na

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa, na ga tambayarka, kuma ba ni kaɗai na gani ba, tunda a bainar jama'a ka ajiye ta. Cewa ka yi in fito in faɗi nawa kamfanin Nvidia ke ba ni da har nake tura matasa sayen katin girafik ɗinsa, wato na'urar da ke zana hotuna a kwamfuta, alhali ga na AMD mai sauƙin kuɗi. Ka ƙara da cewa irina ne suka kashe gasa a kasuwar har kati ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Da a keɓe ka tambaye ni, da a keɓe na amsa. Amma an ce in baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba.

Ko sisi. Ba kuɗi, ba kyautar kati, ba aro, daga Nvidia ko AMD ko Intel. Kuma ka ɗaukaka ni da yawa, Malam. Kamfanin da ya tara sama da dala biliyan 130 a shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Janairun 2025, wai shi ne zai zauna yana neman wanda zai yi masa talla da Hausa. Na gode da wannan kyakkyawan zato.

Abin da ya sosa mini rai shi ne ka yi wannan ƙazafi kamar ba ka taɓa karanta layi ɗaya na rubutuna ba. A 2022 Nvidia ta sanar da kati biyu masu suna ɗaya, RTX 4080, ɗaya a dala 1,199, ɗayan mai ƙwaƙwalwa 12GB a dala 899, alhali ƙwayar cikinsu ma ba iri ɗaya ba ce. Na kira abin yaudara tun kafin surutun jama'a ya sa su janye ƙaramin, su dawo da shi da sunan 4070 Ti a dala 799. A Janairun 2025 Jensen Huang, shugaban Nvidia, ya tsaya a kan dandamali ya ce RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090, babban katinsu na zagayen baya. Na bayyana wa masu karatu inda wayon yake: katin yana zana hoto ɗaya na gaske, manhaja ta ƙirƙiro har uku ta cusa a tsakani. Lambar da ke kusurwar allo, mai ƙirga hotunan da ake nunawa a daƙiƙa ɗaya, ta yi tsalle, amma ka motsa hannunka ka ji, amsar wasan tana nan da nauyinta. Ni ne kuma nake yawan tuna wa mutane tarar dala miliyan 5.5 da hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci kamfanin a 2022, saboda ƙin fayyace wa masu zuba jari cewa masu haƙar kirifto, wato masu sa katuna lissafi don samun kuɗin intanet, na cikin waɗanda suka kumbura cinikin katunan wasa. In wannan ne aikin ɗan amshin shata, to sun yi asarar kuɗinsu.

Batun wai na tsani AMD kuwa bai cancanci dogon zance ba. Lokacin da RX 9070 XT na AMD ya fito a Maris 2025 da 16GB a dala 599, ga 5070 Ti a 749, na ce duk wanda wasa kaɗai zai yi ya ɗauki na AMD ya huta. Wanda nake tura wa Nvidia shi ne mai aikin Blender, manhajar zanen 3D, ko tace bidiyo, domin manhajoji da yawa an gina su ne a kan CUDA, tsarin lissafi na katunan Nvidia. Ba zan sa yaro ya kashe abin da ya daɗe yana tarawa a kan katin da zai ba shi wahala a sana'arsa ba, don kawai ka ji daɗi.

Sai mu zo kan gasar da ka ce na kashe. Malam, a ina ka gan ta da rai?

Dubi farashin da aka fito da su a 2025 da kanka, RTX na Nvidia, RX na AMD. RTX 5070 dala 549, RX 9070 dala 549. RTX 5060 mai 8GB dala 299, RX 9060 XT mai 8GB dala 299. Ka koma baya kaɗan: RX 7900 XT ya fito a dala 899, sai da kasuwa ta juya masa baya sannan aka sauke shi. Ɗabi'ar AMD ta shekarun nan ita ce ta jira Nvidia ta yanka farashi, sai ta tsaya daidai nan ko ta ɗan rage. A can saman kuwa ta janye gaba ɗaya. Ita da bakinta ta ce a zagayen katunan RX 9000 ba za ta yi takara a manyan katuna ba. Shi ya sa RTX 5090 ya fito a dala 1,999 ba mai ce masa kanzil. A 2017 GTX 1080 Ti, wanda shi ne gwarzon 'yan wasa a lokacin, dala 699 ne. Kiyasin masu bin kasuwar irin su Jon Peddie Research ya nuna a 2025 Nvidia na riƙe da sama da kashi 90 cikin ɗari na katunan da ake fitarwa. Ba rubutuna ya kai ta can ba.

Dalilin yana wajen da ba ka son dubawa. Nvidia da AMD ba su da masana'antar ƙera ƙwayar na'ura tasu. TSMC ta Taiwan ke yi musu, har katunan Arc na Intel can ake yin ƙwayarsu. Gurbin aikin masana'antar yana da iyaka. Faifan siliki ɗaya, ko dai a yanka shi a yi katunan wasa na ɗaruruwan dala, ko a yi na'urorin ƙirƙirarriyar basira da ake sayar da ɗaya a dubun-dubatar dala. A waccan shekarar da na ambata, cibiyoyin bayanai, masu sayen waɗannan na'urori, sun kawo wa Nvidia kusan dala biliyan 115, ɓangaren wasa kuma biliyan 11 da 'yan kai. AMD ma haka lissafinta yake: a 2024 cibiyoyin bayanai biliyan 12.6, wasa biliyan 2.6. Wanda kake kira mai ceton 'yan wasa shi ma idonsa na can. Mu ragowa ake ba mu, kuma ba wanda zai karya farashi don ya kwashe kasuwar da ba shi da niyyar cika wa kaya.

Shi ya sa ma farashin da ake shelantawa ya zama na ranar biki kawai. Kowa ya san yadda ake yi. Ka zauna tun kafin lokaci, ka sabunta shafin dillali, maɓallin saye ya bayyana, ka danna, kafin ka gama shigar da adireshi an rubuta kaya sun ƙare. Washegari ga katin nan a hannun 'yan sari da ƙarin ɗaruruwan dala. Ya faru da 5090, ya kuma faru da 9070 XT ɗin naka: dala 599 ɗin ta tsaya ne a kan kayan farko, da suka ƙare farashi ya haura. Ban ji ka tambayi kowa nawa aka biya shi a kan wannan ba.

Tunda ma zancen wanda ya sa kati ya yi tsada ake, ina ka tsaya a 2021? Lokacin da RTX 3080 na dala 699 ya koma ninki biyu da ɗoriya, wasu sun jera katuna a kan katako dare da rana suna haƙar kuɗin kirifto na Ethereum, suna koya wa wasu yadda ake yi. Da Ethereum ta daina amfani da haƙa a Satumban 2022, sai ga katunan nan an share musu ƙura an fito da su, wai ba a taɓa wahalar da su ba. Ban ce kana cikinsu ba, Malam. Masu karatu dai suna da tunani, kuma tsofaffin rubuce-rubuce ba sa gogewa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka rabu gida biyu, koren Nvidia da jan AMD, muna zagin juna a madadin kamfanonin da ba su san da zamanmu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Muna cikin wannan faɗan ake ta cutarmu a abu ɗaya, wato ƙwaƙwalwar kati. GTX 1070 ya fito a 2016 da 8GB a dala 379. A 2025 RTX 5060 Ti ya fito da 8GB ɗin dai, a dala 379 ɗin dai. RX 480 na AMD ma yana da 8GB tun 2016. Ka kunna sabon wasa a kan irin wannan kati, ka ɗaga ingancin zane, minti kaɗan sai bango da fuskokin mutane su dagule kamar an shafe su da ruwa, hoto ya riƙa cijewa duk sanda ka juya. Ƙwayar katin tana da sauran ƙarfi, wajen ajiya ne ya cika. Haka mutum zai koma kasuwa bayan shekara biyu ko uku. Kamfanonin biyu duk suna yin haka, kuma EVGA, wadda ta daɗe tana haɗa wa Nvidia katuna, ta tattara ta bar harkar a 2022 tana kukan yadda ake mu'amala da ita. In abokin cinikinsu na shekaru ya fita da ƙorafi, kai da ni fa?

Wanda ya ɗan girgiza ƙasan kasuwar shi ne Intel, da Arc B580 mai 12GB a dala 249 a Disamban 2024. Manhajar da ke sarrafa katin, wato direba, ta yi gyara sosai idan aka kwatanta da katunansa na farko, ko da yake yana son kwamfuta mai ɗan sabunta kafin ya nuna ƙarfinsa, kuma shi ma an sha wahalar samunsa a farashinsa. Na ba mutane shawarar su duba shi. Ina jiran ka tambaye ni nawa Intel ta ba ni.

In kana da shaida a kaina, rasit ko saƙo ko wanda ya ga an miƙa mini wani abu, ka kawo ta inda ka kawo tambayar. In babu, ka janye maganarka a nan ɗin dai, a gaban mutanen da ka faɗa wa.

Wassalam.