Gyaren da ya daina kuka, da sauron da ya daina jin magani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina koyar da kimiyyar halittu a wata sakandare a nan Agege, kuma na gaji da jin maƙwabtana suna la'antar masu shaguna wai maganin sauron da suke sayarwa jabu ne. Jabu akwai shi a Legas, ba musu. Amma sau da yawa maganin na gaske ne, sauron ne ya canza. Ga labarin gyare ya zama hujjata.

A tsibirin Kauai na jihar Hawaii ta Amurka akwai wani gyaren fili da namijinsa ke goga fukafukai da dare don kiran mace. Sai wani ƙuda da asalinsa daga Arewacin Amurka yake ya riƙa bin wannan kukan, ya zuba tsutsotsinsa a jikin mai kukan, su huda shi su cinye cikinsa, cikin kamar mako guda ya mutu. Farfesa Marlene Zuk ta fara bibiyar gyaren a 1991. Kuka ya yi ta raguwa har ya kusa ɗaukewa. A 2003 sai ta tarar da gyare birjik a cikin ciyawa, amma tsit kake ji. Fukafukan mazan sun zama sumul, ba ƙarzar da ke fitar da sauti, kuma kafin zuriya 20 sama da kashi 90 cikin 100 na mazan haka suke. A 2005 aka ga irinsu a tsibirin Oahu.

Tambayar da ɗalibaina ke yi ita ce: to wanda ba ya kuka, ta ina zai sami mace? Nan ne abin ya fi burge ni. Beben gyaren yakan lallaɓa ya raɓe kusa da mai kuka, ya tare macen da ta taho, kamar ɗan tebur da ya kasa kayansa a bakin shagon mai lasifika. Wannan dabarar tana cikin ɗabi'ar gyare tun kafin fukafukan su sauya, ita ce ta ba sabon siffar damar yaɗuwa. Matan ma da suka tashi cikin shiru sun rage tsirfar zaɓe. Abin dariya, har yanzu beben yana kaɗa fukafukansa kamar mai kuka.

Kamar yadda gyaren ya canza ya tsira daga ƙuda, haka sauro ma yake canzawa. Bincike ya nuna sauron zazzaɓin cizon sauro a Legas ya fara jure magungunan da ake fesawa da waɗanda ake jiƙa gidan sauro da su. A Jamhuriyar Benin kuwa an ga wanda ya koma cizo da asuba, lokacin da mutane suka fito daga gidan sauro.

Don Allah, Malam Edita, ku tura wakilinku wurin jami'an lafiya ya tambayo mana wane magani ne har yanzu ke kashe sauron Agege da Idi-Araba, ku buga mana amsar da Hausa.

Naka,
Wani malamin kimiyya,
Agege, Legas